Cefane da niyya: mu san awon gidanmu kafin mu shiga kasuwa

 

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana, wani magidanci ne daga cikin masu bin mu salla ya tsaya bayan isha'i, sai da kowa ya watse sannan ya matso ya ce: "Malam, so nake ka yi wa iyalina nasiha. Kullum ina ba da kuɗin cefane, amma wata bai raba biyu ba sai a ce mini babu. Ɓarna ta yi yawa a gidan nan." Muka ce to, nasiha za a yi ta in sha Allahu, amma bari mu tambaye ka tukuna. Tiya nawa ta gero gidanka ke ci a sati? Ya yi shiru. Litar mai fa, kwana nawa take yi muku? Ya ce: "Malam, wannan ai sai mata." Muka ce to mai shagon unguwa, nawa yake bin ka yau? Ya ce sai an duba kaye.

Ba mu yi masa dariya ba, don da a ce shekara goma baya aka yi mana waɗannan tambayoyi, mu ma shirun za mu yi. Da yawanmu haka muke ciyar da gida: da ka, da kirdado, abin da ido ya gani a kasuwa shi hannu ke ɗauka. Wanda bai san awon gidansa ba kuwa, ba shi da hanyar gane ko ɓarna ake yi masa ko kuwa abin da yake bayarwa ne bai kai ba. Sai zargi, sai ɓacin rai tsakanin miji da mata a kan abin da takarda da alƙalami za su warware.

Tunda aikinmu koyar da Larabci ne, bari mu fara da kalmomi biyu da ake yawan cakuɗa su. Akwai israfi, akwai tabziri. Israfi wuce iyaka ne. Wasu malaman luga suka ce shi ne ka kashe dukiya a inda ya dace amma fiye da yadda ya dace, kamar gidan da tiya biyu ke isarsu a tuƙa musu uku. Tabziri kuwa daga kalmar bazru ya fito, wato iri. Ka ɗauki mutumin da ya cika hannunsa da irin gero ya je kan fako ya watsa, inda ba abin da zai tsira. Wannan shi ne kashe dukiya a inda bai dace ba sam. Kalmarmu ta almubazzaranci daga nan muka aro ta. A Suratul A'arafi aya ta 31 an haɗa izinin ci da sha da hanin israfi a wuri guda. A Suratul Isra'i aya ta 26 da ta 27 aka hana tabziri da kakkausan lafazi. Sannan a Suratul Furƙani aya ta 67 aka yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tana tsakanin wuce iyaka da ƙuntatawa. To a nan tambaya take: yaya mutum zai tsaya a tsakiya alhali bai san inda gefe biyun suke ba? Iyaka sai an san ta ake kiyaye ta.

Malaman fiƙihunmu ba su bar maganar ciyar da iyali a dunƙule ba. A Mukhtasar na Shehu Halilu, a babin nafaƙa, an bayyana cewa ana duba ƙarfin miji da halin matar da al'adar gari da farashin kaya. Kuma aka ce ana yanka lokacin nafaƙar gwargwadon yadda mijin ke samu, wani kullum, wani duk sati, wani duk wata, wani shekara. Ku duba hikimar da ke nan. Ɗan dako da ke samu da yamma tsarinsa daban, ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata daban, manomin da ke samu da kaka daban. Kuskurenmu shi ne mai albashin wata ya riƙa cefane irin na ɗan dako, kullum dala ashirin ta wannan, dala goma ta wancan, alhali Allah ya hore masa ya saya gaba ɗaya da rahusa.

Matakin farko ba ya bukatar ko dala. Sati biyu kacal, a ajiye takarda a gida, duk abin da aka auna aka sa a tukunya a rubuta, duk abin da aka aiki yaro ya sayo a rubuta. In maigida da uwargida ba su rubutu da boko, ajami ya wadatar, ko a sa ɗan lakwal na gidan ya riƙe alƙalamin, yara suna son irin wannan aikin. Kuma don Allah maigida ya zauna da matarsa a yi shi tare, da shawara, kada ya zo mata kamar mai bincike ya kama ɓarawo. Ita ta san tukunya, ta san ranar da yara ke cinye tuwo da ranar da suke bari. Kai ka san aljihu da kasuwa. Kowannenku rabin ilimin ne a hannunsa.

In an san awo, sai lissafi ya fara magana. Tiyar gero wajen kilo biyu da rabi take, buhu mai kilo 100 kuwa yana ɗaukar wajen tiya 40. A ce gida yana cin tiya ɗaya da rabi a yini. A wata tiya 45 ke nan, buhu guda da tiya biyar. Kowa a Damagaram ya san gero ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya kuma fi tsada da damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba. Mu ƙaddara, don misali kawai, bambancin da ke tsakanin lokutan biyu dala arba'in ne a kowace tiya, wato sefa 200. Gidan nan zai biya ƙarin jika tara a wata. A wata huɗu na tsada jika 36. Wannan kuɗi ba ɓarawo ya ɗauke su ba, ba kuma mace ta zubar ba. Lokacin saye ne kawai aka kuskure. Waɗanda suka ga shekarar 2005 a nan da Maraɗi, da waɗanda suka ga yadda shinkafa ta yi tashin gwauron zabo da aka rufe iyakoki a 2023, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Wani zai ce, Malam, tara abinci ba rashin tawakkali ba ne? A'a. Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kasance yana ware wa iyalinsa abincin shekara. Kuma shawarar da Annabi Yusufu ya ba mutanen Masar, a aya ta 47 ta surarsa, ita ce a bar hatsi a cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci. Kakanninmu ma haka suke yi, damin gero a rumbu ya fi daɗewa a kan wanda aka sussuke. Abin da shari'a ta hana shi ne ihtikari, mutum ya kwashe abinci daga kasuwa lokacin ƙunci ya ɓoye yana jiran mutane su galabaita. Saboda haka malamai suka ce sayen abincin shekara a yi shi lokacin da kasuwa ke cike. In ana cikin ƙarancin abinci, mai hali ya sayi na kwanaki ko na wata, ya bar wa sauran jama'a. Wato tanadi ma yana da lokacinsa, kuma lokacin kaka ne.

Mun san ba kowa ke da kuɗin buhu ba, kuma ba ma son wanda ke ci daga hannu zuwa baka ya karanta wannan ya ji kamar ana ɗora masa laifi. Talaka shi ya fi kowa sayen kaya da tsada, don ƙulli-ƙulli yake saye. Wanda ke shakka ya gwada: ya samo kwalbar lita wadda ba komai, duk man dala ashirin da aka sayo a fara zuba shi ciki a ga inda ya kai, sai ya lissafa sau nawa zai saya kafin ta cika, ya gwama da kuɗin lita guda. Haka sukari, haka gishiri, haka garin tumatir. Ba zaluncin mai shago ba ne, shi ma ledarsa da zamansa yake ci. Maganin wannan mun gaje shi, mantawa muka yi. Yadda ake watanda a haɗa kuɗi a yanka sa a raba kashi-kashi, haka maƙwabta huɗu za su haɗa su sayi buhun shinkafa ko jarkar mai a raba a gaban kowa da ma'auni ɗaya. Mata sun riga mu gane wannan da adashinsu. Wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa, to ya fara da abu ɗaya da ba ya lalacewa, kuka ko kalwa ko busasshiyar kuɓewa, ya saye shi na sati maimakon na kullum. Abin da ya rage masa a nan shi zai zama jarin abu na biyu.

Sai maganar kaye, littafin bashin mai shago. Bashi halal ne, kuma masu shagunan unguwa sun rufa wa gidaje da yawa asiri, Allah ya saka musu. Amma kayen nan yana da wata illa: abin da ba ka ƙirga kuɗinsa da hannunka ba, ba ka jin nauyinsa. A aiki yaro ya karɓo maka, ya karɓo madara, ya ƙara da alewa, ba wanda ya tambayi farashi. Ranar biya sai gardama. Ta fuskar fiƙihu ma ya kamata a san kuɗin kaya lokacin da aka karɓe su, kuma in an yanka farashi, ba ya halatta a ƙara shi daga baya don biya ya yi jinkiri. In dole sai an ci bashin, a sa masa iyaka, a faɗa wa mai shago abubuwan da aka yarda a bayar da wanda aka yarda ya karɓa, kuma gida ma ya riƙe nasa rubutun.

Ranar shiga kasuwa, a leƙa ɗakin ajiya tukuna. Sau nawa muke sayo albasa mu tarar da wata a ƙarƙashin kwando ta fara tsira? A yanke abin da za a saya tun daga gida, a ɗauki kuɗinsa da ɗan abin da ba a rasa ba, sauran a bar su. Kasuwar Dole ranar Alhamis ba wurin da mai yunwa da cikakken aljihu zai shiga ba ne ba tare da ya san abin da ya kai shi ba. A zagaya a ji farashi wuri biyu ko uku. A sa ido a kan ma'auni, don akwai tiyar da aka bubbuge gindinta, kuma sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu. Kayan miya sukan sauko da yamma in masu su na son komawa gida, amma wanda aka saya a lokacin na tukunyar yau ne ko na shanya, ba na ajiya ba.

A nan akwai wani abu da ke damunmu. Neman rahusa bai ba mu izinin murƙushe mai rauni ba. Za ka ga mutum ya shiga babban shago an faɗa masa kuɗi ya biya ko tari bai yi ba, amma ya zo wurin tsohuwar da ta taho daga ƙauye da ƙwaryar zogale a ka, ya tsaya yana ja-in-ja a kan dala biyar har sai ta gaji ta sallama. Annabi ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin kai in zai saya da in zai sayar. Ya kuma hana a tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa su san farashi. To masu fita bayan gari da asuba suna tare amalanke, a yi hattara. Tattalin da aka gina a kan hawayen wani ba shi da albarka.

Yanzu kaya sun iso gida, kuma a nan ne mu mutanen wannan yanki muka fi asara. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoto a 2011 cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya salwanta yake. Amma rahoton ya nuna bambanci: a Turai da Amurka ta Arewa abin da mutum guda ke zubarwa a shekara ya kai kilo 95 zuwa 115, a ƙasashenmu na kudu da Sahara kuwa kilo 6 zuwa 11 ne. Tamu asarar ta fi yawa tun kafin abinci ya kai tukunya, wurin girbi da ɗauka da ajiya. Mu kanmu mun taɓa sayen rabin buhun wake da kaka muna murna mun yi dabara, muka jingine shi a lungu. Da azumi ya zo aka buɗe za a yi ƙosai, sai gari da ƙwari, kowane ƙwayar wake da ƙofofinta. Mai ɗakinmu ba ta ce komai ba, ta dai ɗebo a faranti ta ajiye mana a gaba. Wannan shirun ya fi huɗuba.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, kuma da iska yake rayuwa. In aka toshe masa iska sai ya mutu. Wannan ita ce hikimar buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya waken ya bushe sarai, a zuba, a matse iskar, a ɗaure kowace leda ita kaɗai, a ɗora kan katako nesa da ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa kullum. Wanda bai samu ba, jarka mai tsabta busasshiya da murfi mai kamawa tana yin aikin, in an cika ta har wuya. Ƙwayar maganin nan da wasu ke jefawa cikin buhu kuwa, iskar guba take fitarwa, kada a kuskura a ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da ake kwana. Gyaɗa da masara su kuma danshi ne abokin gabarsu. Wadda ta yi funfuna a zubar, kada a ce ai za a dafa, domin gubar funfunar wuta ba ta kashe ta, kuma hanta take lahantawa. Zubar da irin wannan ba ya cikin almubazzaranci.

Ɗanyen kaya kuwa, rana ce firigon talaka, ita ba a ɗauke ta kamar wutar lantarki. Lokacin sanyi da tumatir ke cika kasuwa har ana rasa mai saye, a yanka a shanya a yi kauɗa. Kuɓewa, tattasai, yakuwa, zogale, duk haka. Albasa a baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa cire wadda ta fara laushi kafin ta shafa wa sauran. Masu firigo kuma kada su cika shi da nama lokacin zafi suna dogara da wuta. Iyayenmu mata sun san soye da yadda yake daɗewa.

Game da tukunya maganarmu kaɗan ce, don mata sun fi mu sani. Tuwon jiya ɗumame ne, ƙanzo a shanya a yi kwaɗo, ƙasari da dusa na tumaki ne. Gidan Bahaushe na asali ba abin da ke fita cikinsa zuwa juji sai toka. Abin da ya sauya shi ne yaranmu sun fara jin kunyar ɗumame, mu kuma mun biye musu. Sai dai a kula da zafin garin nan: shinkafa da wake in sun daɗe a ajiye suna lalacewa da wuri, wanda za a ci daga baya a tafasa shi sosai, wanda ya sauya wari a haƙura da shi.

Kada kuma wani ya fahimci cewa muna kira ne a rufe ƙofa. Rabon baƙo da na almajiri da na maƙwabciyar da mijinta ya tafi ci-rani, a sa shi cikin awo tun farko, da niyya. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa abincin mutum biyu yana isar uku. Bambanci ne babba tsakanin wanda ya ƙara dintsi biyu a tukunya don Allah ya miƙa da zafinsa, da wanda ya dafa ba lissafi, abinci ya kwana ya yi yami, sannan da safe ya juye wa yaro a roba ya ce ya yi sadaka. Aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana mu nufin mummuna mu ciyar da shi alhali mu kanmu ba za mu karɓe shi ba sai da runtse ido. Yaron nan ɗan wani ne, cikinsa irin na ƴaƴanmu ne.

Inda duk wannan tsari ke rushewa shi ne azumi. Mutum ya wuni da ƙishirwa, la'asar ta yi ya bi ta bakin kasuwa, komai ya gani sai ya ji kamar zai cinye. A gida an yi kunu, an yi ƙosai, an yi dambu, an yi taliya, shi kuma ya shigo da kankana da lemo da tsire. Ana shan ruwa kofi biyu ciki ya cika, a tashi tarawihi a bar faranti. Watan da ake cin abinci sau biyu a yini shi ne kuma ya fi kowane wata cin kuɗi, har wasu su fita daga cikinsa da bashin da zai bi su zuwa layya. Shawararmu, cefanen azumi a yanke shi da dare bayan an ci an ƙoshi, ko da safe, kada a yanke shi da la'asar. Gero da sukari da mai da dabino a saye su tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, kafin kowa ya ruga kasuwa lokaci guda.

Shi kuwa magidancin da muka fara da labarinsa, ya dawo bayan sati biyu da takarda a aljihu, rubutun ɗiyarsa. Gero tiya tara a sati, kuma ba ko dintsi da aka zubar. Abin da ya fito fili shi ne aiken shago sau biyar sau shida a yini, da kuma ledar da shi kansa yake shigowa da ita kowane dare bayan an riga an tuƙa tuwo. Muka ce: "To, nasihar fa, yaushe za mu zo mu yi wa iyalin?" Ya ce: "Malam, a bar ta tukuna." A ƙarshen watan shi da maƙwabtansa biyu suka haɗa kuɗi suka sayi jarkar mai, kuma a zauren masallaci aka raba ta da kwalbar lita bayan sallar la'asar.